Karan da aka auna yarinya da shi a bayan Kebbe

Sallar asuba kawai munka idar munka kama hanya, ni da ɗaliban likitanci goma sha biyu da malaminsu guda. Ga wanda bai san ni ba cikin masu bin rubutuna, ni direba ne. Shekara goma sha tara ke nan ina jan bas ɗin makarantar da ake koya wa yara likitanci a Sakkwato. Aji biyu na yi a sakandare, tsohona ya rasu, karatu ya bi shi. Duk shekara in kaka ta yi ana tura 'yan aji biyar ƙauye su zauna da mutane, su ƙirga gidaje, su leƙa rijiya da masai, su auna yara, wai don su san waɗanda za su yi wa aiki. Ni ke kai su, ni ke maido su. Akwai manyan likitoci yau a garin nan da sunka yi amai a motata na wanke da hannuna, in mun haɗu a farfajiyar asibiti sai su hau duba agogo.

Bana Kebbe anka tura mu, kwana fuɗu. Titi daga Sakkwato babu laifi, sai ramukan da na riga na haddace kamar Fatiha. Gero an gama yankewa, dawa ce ke tsaye tana jiran wuƙa. A Dogon Daji munka tsaya karin kumallo. Ƙosan wurin ya ƙanƙance har mutum na iya haɗiye shi da ruwa kamar ƙwayar magani, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba. Kunun tsamiyar dai ya yi, ba zan ci haƙƙin matar ba. A nan ne na buɗe bayan mota na ga sun ɗora buhun shinkafarsu kan allon katakon da ake kwantar da ƙananan yara a auna tsawonsu. Na ce a maido allon sama, hanyar gaba ba ta da mutunci. Wani dogon ɗalibi mai tabarau, shi ne shugabansu, ya dube ni da kofi a hannu ya ce, "Direba, kai dai riƙe sitiyari. Kayan aiki ka bar mana."

'Yan uwansa sunka yi dariya kaɗan. Na rufe mota. A shekaru na haife shi, amma na koma kujerata na riƙe sitiyarin.

Daga Tambuwal munka saki babban titi. In ka ji an ce hanyar Kebbe, ka ɗaure cikinka. Wani wuri kwalta ce, wani wuri tarihin kwalta ne. Babura ne sarakunan hanyar, kowane da buhu biyu da mutum uku, su wuce ka suna kallonka da tausayi. Kafin mu shiga gari na ji ƙarar da nake jira daga baya, ƙas. Da anka sauke kaya, allon ya rabe biyu. Mai tabarau bai dubi inda nake ba, ni ma ban neme shi ba.

Ranar farko ta tafi a gaishe-gaishe. Anka sauke su a wasu ɗakuna kusa da asibitin garin, ni na shimfiɗa tabarma a gindin mota. Mutanen Kebbe akwai karɓar baƙo. Tuwon dawa da miyar kuka anka aiko mana, da man shanu na gaske, wanda ƙanshinsa ke bin hannu har bayan an wanke. 'Yan matan cikinsu biyu sunka ce ba su iya cin tuwon dawa, sunka dafa taliyar leda. Na cinye rabonsu don kada a ce mun raina.

Kashegari malamin ya tsaya taro a sakatariya, ya ce su fara aiki shi zai biyo a babur. Ƙauyen da anka ba su yana can wajen Fakku, ba zan faɗi sunansa ba. Ma'aikacin ɗakin shan maganin yankin ya shiga gaba kusa da ni yana nuna hanya. Magana ɗaya ya yi ta maimaitawa, cewa ko me muke yi, kafin la'asar mu kasance mun fito. Ban tambaye shi dalili ba. Duk wanda ke tuƙi a ƙasar nan ya san abin da ya sami daji.

Hantsi ne, rana tarwai, amma jikina bai so hanyar ba. Dawa ta nuna har ta sunkuya, babu kowa a gonakin, sai tsuntsaye suna shagali. Munka wuce wata ruga, bukkoki na tsaye, turken shanu na nan, har ƙwarya a kife kan ragaya, amma ba mutum ba dabba. Wasu mata masu itace sunka hango mu daga nesa sunka zubar da kayan sunka shige cikin dawa. Sai da sunka ga hijabai ta taga sannan kawuna sunka fara fitowa. Ɗaliban da ke ta surutu tun Kebbe sunka yi tsit da kansu.

Mai gari ya karɓe mu da kyau, ya sa anka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya a ƙofar gidansa, anka yi shela mata su kawo yara awo. Ɗalibai sunka sa fararen rigunansu, sunka rataya abin sauraron ƙirji a wuya, har waɗanda aikinsu rubutu ne kawai. Kafin ka ce me, gindin tsamiya ya cika da tsofaffin mata da goyo. Ni na koma kan wani kututture gefe ina cin goro.

Ta farko a layi wata tsohuwa ce da jikarta, yarinya kamar 'yar shekara biyu. Ko daga inda nake na ga yarinyar ba lafiya. Wuyanta ya saki, ba ta kuka, numfashi kawai take ja da sauri. Mai tabarau ya sa anka kwantar da ita a tabarma. Allo ya karye, tef ɗin awon kuma na tela ne, yana lanƙwashewa. Ya tsaya yana tunani. A makaranta an koya musu cewa likitan ƙauye da abin da ya tarar a ƙasa yake aiki, na sha jin malamai na faɗin haka a bayan motata. Sai ya miƙe ya zaro karan dawa guda miƙaƙƙe daga dangar mai gari. Ya shimfiɗa shi gefen yarinyar, ya daidaita gindinsa da diddigenta, ya kai babban yatsa daidai tsakar kanta.

Na san abin da zai yi, kuma na san me ake nufi da shi. Duk wanda ya taɓa zama a gidan rasuwa ya sani. Da kara ake auna mamaci, a karya shi daidai tsawonsa, a miƙa wa masu ginar kabari. Ni da hannuna na kai karan tsohona maƙabarta ina ɗan shekara goma sha fuɗu. Tsakanina da yaron nan bai fi taku goma ba, kalma ɗaya ta isa. Bakina ya buɗe, sai na tuna an ce in riƙe sitiyari. Na mai da goro baki.

Ya karya karan. Ya ɗaga shi sama ya gwada da tef, ya faɗa wa mai rubutu lambar, yana murmushi don dabararsa ta yi.

Ban taɓa jin shiru irin wannan da rana tsaka ba. Tsohuwar ta daɗe tana kallon karan. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta zagi kowa ba. Ta naɗe yarinyar da zane har kai, ta sunkuya ta ɗauki guntun karan inda ya ajiye, ta juya ta tafi. Sauran matan sunka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya, kowace ta dafe kan goyonta. Mai gari ya ce zai shiga ya fito, bai fito ba. Cikin ɗan lokaci daga mu sai tabarmi. Ma'aikacin ɗakin shan magani yana can bayan mota yana fito da kwalaye, bai ga abin da ya faru ba.

Ɗalibai sunka hau gardama da Turanci. Wani ya ce mutanen ƙauye ba su son awo, wata ta ce tsoron allura ne. Ɗaya daga cikin 'yan matan, wata gajera mai shiru-shiru, ta ce ita damuwarta yarinyar ce, ta ja fatar idonta ta ga fari fat kamar takarda, jininta ya ƙare, in ba a kai ta inda ake ƙarin jini yau ba, da wuya ta kai gobe. Ta ce tana shirin faɗa ke nan tsohuwar ta tashi. Sunka zauna jiran mata su dawo. Ƙofofin zaure duk a rufe. Ko akuya ba ta gitta ba.

Wajen awa guda muna nan, sai munka fara jin wani sauti daga bayan gari. Ƙwal, a dakata, ƙwal. Diga ce ke saran marmara. Na tashi na je wurin wani dattijo da ke zaune jikin masallaci shi kaɗai, na gaishe shi, na tambayi ko rijiya ake gina. Ya ce a'a, uban yarinyar ne. Na ce ta cika ne? Ya ce tukuna. Ya ce maƙabartarsu tana bakin daji, tun da abubuwa sunka lalace ba mai zuwa can bayan la'asar, ƙasar kuma tauri gare ta, kabarin yaro ma sai ya ci rabin yini. Sau biyu gawa na kwana a ɗaki da zafin nan. Shi ya sa yanzu in an tabbatar mutum tafiya zai yi, sai a gina da rana a ajiye. Ya ce, "Tunda likita ya auna da kainai, mi za a jira?"

Goron bakina ya koma kamar ƙasa. Na dawo gindin tsamiya na faɗa musu abin da kara ke nufi, ban yi kwana-kwana ba. Mai tabarau ya cire tabarau ya mayar. Ya tambaye ni ko na sani tun lokacin da yake yi. Na ce na sani. Ya ce me ya hana ni magana. Na ce sitiyari nake riƙe da shi. Na ɗauka zai zage ni, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya ce in raka shi.

Gajerar ta nufi gidan su yarinyar tare da ma'aikacin. Daga baya ta ba mu labari cewa ta tarar an kwantar da ita a gefen dama an fuskantar da ita gabas, uwar na zaune a ƙofar ɗaki ta daina ba ta ko ruwa, mata sun fara taruwa a tsakar gida suna zaman shiru. Ta roƙe su, sunka ce sai abin da mai gida ya ce.

Mu kuwa munka bi sautin diga. Maƙabartar fili ce mai jar ƙasa, bayanta daji ya fara, baƙi ƙirin ko da rana. Ƙananan kaburbura sun fi manya yawa, ba sai ka ƙirga ba. Uban yarinyar na cikin rami har gwiwa, ba zai wuce shekara talatin da biyar ba, rigarsa ta jiƙe. Ƙanensa na kwashe ƙasa da tasa. Karan na ajiye a bakin ramin, sun yi daidai da juna.

Munka yi sallama ya amsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu fushi ko kaɗan a fuskarsa. Godiya ya yi. Ya ce, "Likita, Allah shi ba ka lada. Wasu sai su ƙi gaya ma mutum gaskiya, su bar shi shina ɗawainiya. Kai ko ka nuna muna da wuri."

Yaron ya fara da yaren asibiti, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, awon tsawo don sanin ko yaro na samun abinci. Mutumin ya saurara da ladabi har ya gama, ya tofa yawu a tafin hannu ya ɗaga diga. Na duba rana, ta riga ta karkata. Na ce a raina shi ke nan, ni da yaron nan mun kashe 'yar mutane, shi da rashin sani, ni da baƙin rai.

Sai mai tabarau ya tuɓe farar rigar ya miƙo mini, kamar ni ne maratayi. Ya tsuguna a bakin ramin har gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Ya ce, "Malam, ni ba likita ba ne. Ɗalibi ne, ban gama ba. A birni na tashi, ban taɓa zuwa ginar kabari ba. Wallahi ban san abin da kara ke nufi ba. Ban ga mutuwa a jikin ɗiyarka ba, jahilcina ka gani."

Mutumin ya sauke diga. Ya ce, "To in kai ba likita ba ne, don mi za ni bi ka Tambuwal?"

Tambaya ce mai kyau, ni kaina na so in ji amsar. Yaron ya ce don can akwai waɗanda sunka fi shi sani, kuma abin da yarinyar ta rasa jini ne, jini kuwa ana ƙarawa. Ya ce ba zai yi alkawarin za ta rayu ba, wannan na Allah ne, amma in an nemi wanda zai ba da jini, nasa za a fara ɗiba. Mutumin ya juyo gare ni, da yake ni ne mai furfura. Ya ce, "Baba, kai mi ka gani?" Na ce masa ni na ga lokacin da yaron ya ɗauki kara, na san kuskure ne, na ƙyale shi don ya ɓata mini rai jiya, saboda haka in akwai mai laifi a wurin nan ni ne babba. Na ce mota na da mai, kuma na san hanya.

Uban ya dubi ramin. Ya ce, "Abin da nika tsoro, ta cika a hanya, ga ni ban gama nan ba, ga la'asar." Ƙanensa ya ce shi zai ƙarasa. Haka anka rabu, ɗaya ya fito ya bi mu neman rai, ɗaya ya shiga ramin ya ci gaba da sara. Har munka kai gindin tsamiya ina jin digar.

Ban taɓa tuƙa motar makaranta yadda na tuƙa ta ran nan ba, in shugabannina na karantawa su yi haƙuri. Uwar da kakar na baya da yarinyar, gajerar ɗalibar na riƙe da hannunta tana ƙirga bugun jini. Uban na gaba kusa da ni, jar ƙasa har ƙwaurinsa. Munka haɗu da malamin a babur a hanya, munka ɗauke shi, munka zubar da sauran ɗalibai a Kebbe munka wuce. Ana kiran la'asar munka shiga asibiti a Tambuwal. Ma'aikatan sun yi ƙoƙari, sunka sami jinin da ya dace da ita a ajiye sunka ɗaura mata, anka ce a kawo wanda zai mayar da gurbinsa. Mai tabarau ya miƙa hannu. Leda ba ta kai rabi ba likitan gobe ya dubi jininsa na tafiya ya some. Sai da na sayo masa madara da burodi.

Rana ta uku munka koma ƙauyen da malamin, da allon da wani kafinta a Kebbe ya ɗinke da ƙusa. Malamin ya ba mai gari haƙuri a gaban jama'a, mata sunka fito, amma ba duka ba. Da anka ɗan sarara mai tabarau ya ce in zo mu je maƙabarta. Mun ɗauka za mu tarar an cike ramin. Yana nan, an gama shi tsaf, an rufe bakinsa da ƙaya don kada dabba ta faɗa. Dattijon masallaci ya ce mana ba a ɓarnar wahala irin wannan a marmara, mai shi yana nan cikin gari, Allah ne kawai ya san gidan.

Da munka dawo gindin tsamiya yaron ya karɓi takardun awon ya zauna yana bi da yatsa. Ya zo wurina ya ce, a hankali, yara bakwai ne cikin waɗanda anka auna yau ramin zai yi wa daidai. Bai ƙara cika fom ko ɗaya ba ran nan. Ya sa anka kira masa bakwai ɗin, ya ja idon kowane, ya duba tafin hannu, ya taɓa ciki, ya tambayi uwayen sunan kowane yaro da inda yake kwana da abin da ya ci jiya. Biyu a motata sunka tafi asibitin Kebbe.

Ran komawa munka tsaya Tambuwal. Yarinyar na zaune a cinyar uwarta tana shan kunu, tana harararmu. Uban ya riƙe hannun yaron da hannu biyu, ya kira shi likita. Yaron ya buɗe baki zai gyara masa, sai ya fasa. Na ce wa uban in ya koma ya sa a cike ramin nan. Ya ce ai yanzu ba nasa ba ne, na gari ne.

Bayan la'asar munka shigo Sakkwato lafiya. Na sauke su, na wanke mota, na tafi gida na kwanta ban ci tuwo ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Shekara biyar ana cusa wa yaran nan sunan kowane ƙashi da kowace jijiya, amma ba wanda ya gaya musu yadda mutanen da za su duba ke binne matattunsu. Wannan ba a allo yake ba, a bakin irinmu yake, direbobi da masu shara da masu gadi, su kuma ba a koya musu tambayarmu ba. Amma kada in ɗora musu duka. Sanin da ka riƙe a ciki don a ji kunya a gabanka, ba ka san kan wa zai faɗa ba. Nawa ya kusa faɗawa kan yarinyar da ba ta taɓa ce mini direba ba.

Yaron ya karɓi lambar ma'aikacin ɗakin shan maganin. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya zo inda nake ajiye mota, ya kira shi a gabana, ya tambayi yaran nan bakwai da sunayensu, sannan ya tambayi ramin. Mako uku ke nan. Zuwa Juma'ar da ta wuce, ƙayar na nan a kai.